Girgizar ƙasa, gobarar daji da ambaliya: yadda gida ke shirya musu a gundumar Los Angeles

Gundumar Los Angeles da ke kudancin jihar Kalifoniya ita ce mafi yawan jama'a a duk Amurka, domin mutanen da ke zaune cikinta sun kai kusan miliyan 10, a birane 88 da kuma unguwanni masu yawa da ke ƙarƙashin kulawar gundumar kai tsaye. Tana shimfiɗe ne daga gaɓar tekun Fasifik, ta haye duwatsun San Gabriel har zuwa hamadar da ke bayansu, kuma wannan shimfiɗar da ta ba ta kyan gani ita ce ta haɗa ta da bala'o'i uku da suka zama jikin rayuwar mazaunanta, wato girgizar ƙasa, gobarar daji da ambaliyar ruwa. Hukumomin gundumar ba sa ɓoye wa jama'a cewa idan babban bala'i ya auku, 'yan kwana-kwana da motocin asibiti ba za su iya isa kowane gida a kan lokaci ba, saboda haka kowane magidanci ya shirya riƙe iyalinsa na wasu kwanaki ba tare da taimakon kowa ba.

Abin da ya sa wannan shiri ya fi ƙarfin sayen tocila da buhun abinci shi ne bambancin lokacin da kowane bala'i yake bayarwa. Girgizar ƙasa tana zuwa ne babu sallama, idan an yi sa'a a sami gargaɗin 'yan daƙiƙoƙi. Gobarar daji tana ba da mintoci ko 'yan sa'o'i. Ruwan sama mai ƙarfi kuwa masana yanayi kan hango shi kwanaki kafin ya sauka. Haka kuma abin da ake so mutum ya yi a kowannensu ya saɓa wa na ɗayan: a girgizar ƙasa ana so ya tsaya inda yake, a gobara ana so ya bar gida tun da wuri, a ambaliya kuma ana so ya guji hanyoyin da ya saba bi kullum. Duk abin da ba zai yiwu a yi shi cikin wannan ɗan lokaci ba, dole ne a gama shi tun ana zaune lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

A ɗauki girgizar ƙasa tukuna. Da asubar 17 ga Janairu 1994, wajen ƙarfe huɗu da rabi, girgiza mai ƙarfin maki 6.7 ta auku a yankin Northridge da ke kwarin San Fernando. Ta kashe aƙalla mutum 57, ta karya gadojin manyan hanyoyi, ta kuma fito ne daga wata tsaga ta ƙarƙashin ƙasa wadda masana ba su san da ita ba kafin ranar. A wani rukunin gidajen haya mai suna Northridge Meadows, benayen sama sun danne hawan ƙasa, mutum 16 suka mutu suna kwance a ɗakunansu. A titin Balboa kuma bututun iskar gas da na ruwa suka fashe a wuri ɗaya, aka ga wuta tana ci a tsakiyar ruwan da ke malala a kan titi, gidajen da ke gefe suka ƙone. Kafin wannan an yi ta San Fernando a 1971 da ta Long Beach a 1933, wadda rushewar makarantu a cikinta ta sa jihar ta kafa doka mai tsauri kan ginin makarantun gwamnati.

Duk da haka, wadda masana suka fi tsoro ba ta zo ba tukuna. Babbar tsagar San Andreas, mai tsawon kusan kilomita 1,200, ta ratsa arewacin gundumar, kuma rabon da sashen da ke kusa da Los Angeles ya motsa sosai tun 1857. A 2008 hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin masaniyar girgizar ƙasa Lucy Jones, ta fitar da hasashen abin da zai faru idan girgiza mai maki 7.8 ta auku a kudancin tsagar: mutuwar mutum kusan 1,800, raunata kusan 50,000, da tashin gobara kusan 1,600 a wurare daban-daban. Abin da ya fi shafar magidanci a hasashen shi ne ruwan sha. Manyan magudanan da ke kawo wa yankin ruwa daga kogin Colorado, daga kwarin Owens da kuma daga arewacin jihar duk sun tsallaka wannan tsaga, saboda haka karyewarsu tare da fashewar bututun cikin gari na iya barin wasu unguwanni babu ruwan famfo na makonni, wasu ma na watanni.

Shi ya sa ajiyar ruwa take gaba da komai. Ma'aunin da hukumomi ke bayarwa shi ne kusan lita 4 ga kowane mutum a kowace rana, domin sha da girki da ɗan tsabtace jiki. Kwana uku shi ne mafi ƙarancin abin da ake so a ajiye, amma a Kalifoniya ana ƙarfafa mutane su kai na mako biyu. Idan aka yi lissafi ga gida mai mutum biyar, mako biyu zai ci lita 280, wato jarka 14 masu cin lita 20, kuma wannan ba ƙaramin wuri yake ci ba ga wanda yake haya a ɗaki biyu a hawa na uku. A ganina, gara mutum ya fara da jarka biyu yau ya riƙa ƙarawa duk wata, da ya tsaya jiran ranar da zai iya sayen duka. Akwai kuma ajiyar da mutane da yawa ba su lura suna da ita ba, wato tukunyar dumama ruwa ta gida, wadda takan ɗauki lita 150 zuwa 190. Dokar jihar ta wajabta a ɗaure ta da bango da madaurin ƙarfe, domin idan ta faɗi za ta iya tsinka bututun gas ta tayar da gobara, sannan ruwan da iyali za su rayu da shi ya zube a ƙasa.

Yawancin raunukan da ake samu a irin wannan girgiza ba daga rushewar gini suke fitowa ba. Kabad ne yake faɗowa kan mutum, ko talabijin, ko madubi, ko kuma mutum ya zabura cikin duhu ya taka fasasshen gilashi. Saboda haka ake ɗaure dogayen kabad da bango, a sauke kaya masu nauyi zuwa kantar ƙasa, a sa wa ƙofofin kabad ɗin kicin sakata, a kuma kawar da duk wani abu mai nauyi da ke rataye bisa kan gado. Akwai wata 'yar dabara da masu wayar da kai ke yawan nanatawa, wadda ba ta cin ko sisi: a sa takalmi mai kauri da tocila cikin jaka a ɗaure a ƙafar gado, ta yadda ko ɗakin ya hargitse, hannu zai same su cikin duhu. Wanda ya tuna cewa girgizar Northridge ta tarar da mutane suna barci, wuta kuma ta ɗauke nan take, zai gane amfanin wannan jaka.

Idan ƙasa ta fara motsi, umarnin guda ne: mutum ya durƙusa, ya shige ƙarƙashin tebur mai ƙwari ya kare kansa da wuyansa, ya riƙe ƙafar teburin har motsin ya tsaya. Wanda yake kan gado ya zauna a nan ya rufe kansa da matashi. Gudu zuwa waje yana da haɗari, domin daga gaban gini ne gilashi da bulo suke zubowa, tsayawa a bakin ƙofa kuma tsohuwar shawara ce da ba ta da amfani a gidajen zamani. A kowane watan Oktoba miliyoyin mutane a makarantu da ofisoshi suna yin atisayen wannan a rana guda. Tun 2019 kuma akwai manhajar waya mai suna MyShake da ke aiko da gargaɗi. Dalilin da ya sa take iya yin haka shi ne saƙon lantarki ya fi girgiza sauri, saboda haka na'urorin da ke kusa da tushen girgizar suna iya sanar da na nesa kafin ta isa gare su, amma wanda yake daidai kan tushen ba zai sami komai ba. Bayan motsi ya lafa, a duba gas: idan an ji warinsa ko ƙarar fitarsa a rufe shi daga mita da sifana, a fita waje. Idan ba a ji komai ba a bar shi, domin ma'aikatan kamfani ne ya kamata su sake buɗe shi, kuma bayan babbar girgiza za a iya daɗewa ana jiransu.

Batun ƙarfin ginin kansa ya rabu biyu. Tsofaffin gidajen katako da yawa ba a ɗaure su da harsashinsu ba, girgiza takan zame da su daga kai, kuma jihar tana da shirin tallafi na har dala 3,000 ga masu son ɗaure su. Amma fiye da rabin gidajen gundumar na 'yan haya ne, waɗanda ba su da ikon taɓa gini. A 2015 birnin Los Angeles ya kafa dokar tilasta wa masu benayen da hawan ƙasansu gareji ne ko fili mara bango, irin na Northridge Meadows, su ƙarfafa su, kuma gine-ginen da dokar ta shafa sun haura 13,000. Sai dai dokar birni ɗaya ba ta hau kan sauran biranen gundumar ba, wasu sun yi tasu, wasu ba su yi ba. Saboda haka ɗan haya yana da haƙƙin tambayar mai gida ko an yi wa ginin wannan aiki, kuma tambaya ce da ta cancanci a yi ta kafin a biya kuɗin haya na farko.

Gobarar daji kuwa tana da lokacinta da iskarta. Daga kaka zuwa hunturu wata busasshiyar iska da ake kira Santa Ana takan taso daga hamadar da ke bayan duwatsu, ta gangaro ta kwazazzabai zuwa teku. Tana kama da iskar hunturu da muka sani wajen busar da komai, sai dai tana da ɗumi, kuma ƙarfinta yakan kai na guguwa. Damunar yankin a lokacin sanyi take, kuma an yi damuna biyu a jere masu ruwa sosai a 2023 da 2024, ciyawa da ƙananan itatuwa suka yi yabanya, sannan aka shafe kusan wata takwas babu ruwan kirki. A ranar 7 ga Janairu 2025 iskar ta taso da ƙarfin da a wasu tsaunuka ya kusa kilomita 160 a sa'a guda, har ta hana jiragen kashe gobara tashi a daren. Wuta ta kama a unguwar Pacific Palisades da safe, wata kuma ta kama a kwazazzabon Eaton da yamma ta auka wa garin Altadena. Gobarar biyu sun cinye gine-gine sama da 16,000, mutum aƙalla 30 suka rasa rayukansu.

Abin lura a nan shi ne yawancin gidajen ba harshen wutar daji ne ya taɓa su ba. Garwashi ne iska take kwasowa ta watsa shi nesa, wani lokaci fiye da kilomita guda gaban wutar. Ƙwayar garwashi ɗaya takan faɗa cikin indararo mai cike da busassun ganye, ko ta shige ta kafar shan iska da ke ƙarƙashin rufi, ko ta maƙale a gindin shingen katako da ke manne da bango, ta yi ta ci a hankali har gidan ya kama, daga nan kuma gida ya kunna wa maƙwabcinsa. Wannan ne ya sa dokar jihar ta wajabta wa masu gidaje a wuraren haɗari su share ciyawa su rage itatuwa har tsawon mita 30 kewaye da gida, ya kuma sa masana suka fi mayar da hankali kan mita ɗaya da rabi na farko daga bango, inda ake so kada a bar komai mai cin wuta, ko itacen girki, ko kwandon shara, ko tabarmar bakin ƙofa, ko shukar ado. Ana rufe kafofin iska da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, a share indararo kafin lokacin iska. Aikin yini ɗaya ne, amma amfaninsa yana raguwa idan maƙwabci bai yi nasa ba, saboda haka magana ce ta unguwa gaba ɗaya.

Wurin da aka fi asarar rai shi ne wajen fita. Hukumomi suna amfani da mataki biyu, gargaɗin shirin ƙaura da kuma umarnin ƙaura, kuma an raba gundumar shiyya-shiyya, kowace da lambarta, wadda ya kamata kowane ɗan gida ya sani. A Palisades hanyoyin fita kaɗan ne, motoci suka cunkushe, wuta ta matso, mutane suka bar motocinsu a titin Sunset suka gudu da ƙafa, wasu da makullan a aljihu, har sai da aka kawo katafila ta ture motocin gefe kafin motocin kashe gobara su sami hanya. A yammacin Altadena kuma umarnin ƙaura bai iso ba sai bayan ƙarfe uku na dare, sa'o'i bayan wuta ta fara cin gidaje a wajen, kuma kusan duk waɗanda gobarar Eaton ta kashe a wannan ɓangare suke, da yawansu tsofaffi ne ko masu lalurar da ta hana su tafiya. Ina ganin babu wata hujja da ta fi wannan ƙarfi a kan cewa kada iyali su rataya rayuwarsu ga saƙon waya. Wanda ya ga hayaƙi da garwashi na yawo ya tafi, gidan da ke da tsoho ko majinyaci ko jariri kuma ya tafi tun a matakin gargaɗi.

Fita da wuri tana buƙatar tanadi. A ranakun da hukumar yanayi ta yi shelar haɗarin gobara, ana ajiye mota tana fuskantar titi, tankinta da mai aƙalla rabi, jakar kowa tana bakin ƙofa da magungunan da yake sha, tabarau, cajar waya, tufafi, takunkumin kare hayaƙi da 'yan kuɗi a hannu, tunda na'urorin cire kuɗi ba sa aiki idan babu wuta. Kamfanonin lantarki sukan yanke wuta da gangan idan iska ta yi ƙarfi, ƙofar gareji mai aiki da lantarki kuma sai ta ƙi buɗuwa. An rasa rayuka ta wannan hanya a gobarar arewacin jihar ta 2017, abin da ya sa tun 2019 doka ta ce sababbin injinan ƙofar su zo da batir, amma har yanzu wajibi ne kowa a gida ya iya jan igiyar da ke sakin ƙofar da hannu. Bayan an dawo ma ba a gama ba, domin a 2025 an hana mazauna wuraren da suka ƙone shan ruwan famfo na makonni saboda gubar da ta shiga bututu, irin wadda tafasa ruwa ba ta kawar da ita.

Ambaliya a wannan gunduma sau da yawa gobara ce ke haifar da ita. Idan wuta ta cinye gangaren dutse, saiwoyin da ke riƙe ƙasa sun tafi, fuskar ƙasar kuma takan yi wani irin santsi da ke hana ruwa shiga. Ruwan sama mai ƙarfi na ɗan lokaci ya isa ya kwaso toka da laka da duwatsu da kututture ya gangaro da su da gudun da mutum ba zai tsere masa ba. Haka ta faru a La Crescenta da Montrose a daren shiga shekarar 1934, makonni bayan gobara a duwatsun da ke samansu, inda gommai suka mutu. Haka kuma ta faru a Montecito da ke gundumar Santa Barbara a ranar 9 ga Janairu 2018, bayan babbar gobarar daji da aka sa wa suna Thomas, inda laka ta kashe mutum 23 cikin dare. Haɗarin yakan ɗauki shekaru kafin tsirrai su dawo. Gundumar ta gina tafkunan tare laka fiye da ɗari a gindin duwatsu, ofisoshin 'yan kwana-kwana kuma suna raba buhunan yashi kyauta, amma buhun yashi ruwa kawai yake karkatarwa, ba ya tsayar da dutse. Wanda gidansa ke ƙarƙashin gangaren da ya ƙone, mafitarsa ita ce ya kwana wani wuri a daren da aka yi hasashen ruwa mai ƙarfi.

A cikin gari kuwa, bayan ambaliyar 1938 wadda ta kashe fiye da mutum ɗari, an shafe kogin Los Angeles da kankare ya koma babban lambatu mai tsawon kusan kilomita 80. Yawancin shekara ruwan cikinsa kaɗan ne, amma idan aka yi ruwa yakan cika cikin ɗan lokaci, da gudu mai tsanani da bango mai santsi. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, saboda haka direban da ya tarar da ruwa ya rufe hanya ya juya.

Akwai ɓangaren takardu da kuɗi, wanda mutane suka fi sakaci da shi. Inshorar gida ta yau da kullum a Kalifoniya tana biyan asarar gobara, amma ba ta biyan ta girgizar ƙasa ko ta ambaliya, kowacce sai an saye ta daban. Bayan asarar Northridge kamfanoni suka ja da baya, jihar ta kafa hukumar inshorar girgizar ƙasa a 1996, duk da haka masu gidajen da suka saya tsiraru ne. Inshorar ambaliya ta gwamnatin tarayya kuma sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki, ba a sayenta ranar da hadari ya haɗu. Ɗan haya shi ma yana buƙatar tasa, domin ta mai gida ba ta shafi kayan ɗakinsa ba. Yana da kyau mutum ya zaga gidansa da waya yana ɗaukar bidiyon kowane ɗaki da cikin kowane kabad, ya ɗauki hoton fasfo, takardun haihuwa, takardun gida da na asibiti, ya adana su a intanet, domin wanda gidansa ya zama toka za a nemi ya lissafa abin da ya rasa ɗaya bayan ɗaya.

Bala'i kan tarar da iyali a warwatse, uba a wurin aiki, yara a makaranta. Don haka ake so a tsayar da wuraren haɗuwa biyu, ɗaya kusa da gida, ɗaya a wajen unguwa, a kuma zaɓi wani ɗan'uwa da ke wata jiha wanda kowa zai aika wa saƙo, domin rubutaccen saƙo yakan wuce lokacin da kira ya ƙi shiga. A rubuta lambobin a takarda a sa a jakar kowane yaro. Hukumar kashe gobara ta birnin Los Angeles ce ta ƙirƙiro, a 1985, shirin horar da mazauna unguwa kan kashe ƙaramar wuta, taimakon farko da neman waɗanda gini ya danne, shirin da daga baya ya bazu a duk Amurka, kuma har yau kyauta ake koyar da shi. A unguwannin da suka ɗauki abin da muhimmanci, maƙwabta sukan zauna su rubuta gidan da ke da tsohuwa mai zama ita kaɗai, da wanda ke amfani da keken guragu ko na'urar numfashi, da wanda ba shi da mota, sannan a sa sunan mutum biyu a gaban kowane gida, waɗanda za su ƙwanƙwasa ƙofar kafin su tayar da motarsu.